Muryar Da Ba A Ƙara Wa Gudu

Hannun matar a kan nasa yake.

Talatu ta ƙame a bakin ƙofar ɗakin karatun ɗalibai masu larurar gani, ledar awara mai zafi a hannu ɗaya, 'yar rikodarta a ɗaya hannun. Ta ƙifta ido ta sake dubawa, ko idon ne ke mata gizo. Ba gizo ba ne. Wata doguwar mace mai kitson zare ce zaune daf da Zakariyya'u, ta kama 'yan yatsunsa tana jera su a kan madannan kwamfuta, shi kuma gogan har da murmushi.

"Yauwa Zak, ka ji wannan ɗan ƙurjin a ƙarƙashin yatsanka?" in ji matar. "Nan ne gida. Duk inda hannunka ya ɓace, nan za ka dawo."

Zak...

Tun suna ajin farko a kwalejin nan Talatu take kiransa Yaya Zakari, da duk ladabin da aka koya mata a gida. Ita ce ke karanta masa littattafan karatun lauya shafi-shafi a rikoda har muryarta ta dushe. Ita ke raka shi bakin titi ya hau Keke Napep. Kuma duk tsawon wannan lokaci ko farcensa ba ta taɓa taɓawa ba, domin ba a ɗaura ba. Igiyar jakarta yake riƙewa, tana gaba yana biye. Yau ga wata daga zuwa ta kama hannu gaba ɗaya, ta kuma gutsure sunan.

Ya ɗago kai, fuskarsa ta washe.

"Talatu ce. Na ji ƙarar awarwaronta. Shigo mana, Talatuwa, zo ki gaisa da Malama Hadassah."

Matar ta miƙe da fara'a. "Ah, ke ce Talatun? Kullum sai an yi maganarki a ɗakin nan."

"Sannu da aiki," Talatu ta ce, ba tare da ta dubi hannun da aka miƙo mata ba.

Ta dire ledar awarar a kan teburi da ƙarfin da ya fi na ajiye awara.

Abin da ya kawo Hadassah ba ɓoyayye ba ne, kowa a kwalejin ya sani. Wata ƙungiya ce ta yi alkawarin saya wa ɗalibai masu larurar gani kayan karatu, sai dai ta ce su da kansu za su zaɓa, domin ba za a iya sayen komai da komai ba. Aka kawo samfuri don gwaji: rikoda masu kyau, da allon rubutun makafi mai aiki da lantarki, da gilashin ƙara girman rubutu, da kwamfuta mai karanta abin da ke allonta da murya, haɗe da 'yar kyamara da za a haska wa shafin littafi ta karanto shi. Hadassah ce aka ɗauko daga unguwar Television ta koya musu. Zakariyya'u kuwa shi ne shugaban ɗaliban. Ciwon hawan jinin ido ne ya tafi da ganinsa bayan ya gama sakandare, don haka bai taso da rubutun makafi ba, kunne ne jarinsa.

Kunnen nan kuma, a lissafin Talatu, nata ne.

Da suka fito, yana riƙe da igiyar jakarta, sauri take kamar wadda aka biyo.

"Talatuwa, yau gudun fanfalaƙi muke yi ne?"

"Na ɗauka yanzu ka iya sauri, Zak."

Ya yi dariya har da tsayawa. "Au, abin da ya ɓata ran ke nan?"

"Ni raina bai ɓaci ba."

"To me ya sa awarwaron ya yi shiru? In kina fushi matse hannu kike yi a jiki."

Ta saki hannun da sauri, abin ya ƙara ba ta haushi.

"Na gama maka babi na gaba," ta ce. "Jiya ko tuwo ban tsaya ci ba."

"Allah Ya saka da alheri, rabin raina. Amma... wannan babin na riga na saurare shi. Na haska wa kyamarar da safe, ta karanta min."

Ta raka shi har ya hau Keken unguwarsu, Nasarawa. Sai da Keken ya sha kwana sannan ta ji hawaye masu zafi sun zubo mata.

Gida ma ba sauƙi. Mahaifinta, Malam Shehu, tela ne a Unguwar Mu'azu, mutum ne mai magana ɗaya. Tun ranar da manyan Zakariyya'u suka zo gaisuwa ya ce a dakata tukuna, bai kuma ƙara tayar da zancen ba. Ranar da ta matsa, ta aika mahaifiyarta ta tambaye shi, amsar da ta dawo gajeriya ce.

"Ya ce ba shi da abin cewa a kan halin yaron. Amma bai sa ki makaranta don ki ƙare 'yar jagora ba."

Talatu ta yi kukanta ta share. A ranta kuwa cewa take, to in ma jagorar ce, ai ita ta ji ta gani. Abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, daɗi take ji da yake ba ya iya yi sai da ita. 'Yan mata nawa ne a kwalejin suka fi ta kyau da gayu? Amma babu wadda muryarta ke kwana a kunnensa sai ita.

Ana cikin haka Bilkisu ta tare ta a bakin masallacin mata. 'Yar ƙanwar mahaifiyar Zakariyya'u ce, ita ma ɗaliba ce a nan, kuma duk dangi sun san ita mahaifiyar tasa take so ya aura. Bilkisu irin matan nan ne da ke zuba magana a sanyaye, suna gyara mayafi.

"Anti Talatu, kwana biyu. Ashe an huta da karatun rikoda?"

"Wa ya ce miki?"

"A'a, ni dai na ga Yaya ne yanzu daga ya dawo sai ya toshe kunne, yana ta murmushi shi kaɗai. In an yi magana ya ce Hadassah ta ce kaza, Hadassah ta ce kaza." Ta ɗan sassauta murya. "Kin san in aka sayi kwamfutocin nan, riƙe ta za a yi ta ci gaba da koyarwa har su gama. Kullum suna ɗaki ɗaya. Ni tausayinki nake ji wallahi, duk wahalar da kika sha."

"In kuma rikoda aka zaɓa fa?"

"Rikoda ai ba ta buƙatar malama." Bilkisu ta yi murmushi. "Na ji an ce ku masu yi musu karatu ma za a ba ku dama ku yi magana ranar taron."

Talatu ba yarinya ba ce, ta san Bilkisu ba ƙaunarta take ba. Amma kishi ya riga ya toshe mata kunne, abin da take son ji kawai take ji.

Ranar taron ɗakin ya cika. Malamai a gaba, wakilin ƙungiyar a gefe, ɗaliban da sandunansu a naɗe kan cinya. Wata mai sauran gani kaɗan ta ce ita gilashin ƙara girma ya ishe ta. Wani da aka haifa ba ya gani ya ce shi dai allon rubutun makafi, domin da yatsa yake gane yadda ake rubuta kalma. Zakariyya'u ya miƙe a ƙarshe.

"Ba larura ɗaya ke gare mu ba, don haka kada a yi mana ɗinki ɗaya," ya ce. "A duba kowa da irin ganinsa da irin karatunsa. Amma mu da muka fi yawa, kwamfutar nan muke roƙo. Rikoda sai wani ya karanta maka. Wannan kuwa kai za ka buɗe littafinka lokacin da ka ga dama, ka rubuta jarrabawarka da hannunka."

Aka tafa. Hadassah ta fi kowa tafawa, Talatu na kallonta.

Da aka ce ko masu karatu suna da abin cewa, ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Ni dai a ganina rikoda ta fi," ta ce. "Ina wutar da za a riƙa cajin kwamfuta? In ta lalace wa zai gyara? Ga ta da karanta sunayen mutanenmu kamar mai ciwon haƙori. Rikoda kuwa batir kawai take so."

Malamai suka fara gyaɗa kai. Wakilin ƙungiyar ya rubuta wani abu. Da a nan ta tsaya, da an ce yarinya ta kawo hujja. Sai dai idonta ya sake faɗawa kan Hadassah, wadda ta sunkuya tana yi wa Zakariyya'u raɗa.

"Kuma shi mai maganar, ni na san shi fiye da kowa a nan," ta ƙara. "Tun ajin farko ko layi ɗaya bai taɓa karantawa ba sai da ni. Ba zai iya ba. A bar yaudarar kai."

Kowa ya juya yana duban Zakariyya'u.

Ya warware sandarsa a hankali, ya miƙe, ya laluba hanyar ƙofa. Ta matso da jakarta kamar kullum, ta kai igiyar kusa da hannunsa.

"Bar shi," ya ce a hankali. "Zan gwada ko zan iya."

Ya fita shi kaɗai, sandar na ƙwanƙwasa siminti. Shugaban taron ya ce an ɗage yanke hukunci zuwa mako mai zuwa, amma kowa ya ga inda ra'ayi ya karkata. A bakin taga Talatu ta hango Bilkisu ta tari gabansa tana cewa, "Yaya, kawo jakar in riƙe maka."

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mata daɗi ba. Ta kira, ba ya ɗauka. Ta tura saƙon murya, shiru. Abinci ya daina wucewa, sai juya cokali. Mahaifiyarta ta gaji ta ce, "Wai ke ciwo kike ko iskanci?" Ita kuwa abu ɗaya ke cin ranta: Hadassah na can tana kama masa yatsu, Bilkisu na can tana riƙe masa jaka, ita da ta yi wahalar an bar ta da rikoda.

Ranar Asabar da hantsi aka yi sallama a tsakar gida. Talatu ta leƙo. Hadassah ce, da jakar kwamfuta a kafaɗa.

"Na sha tambaya kafin in gano gidan nan," ta ce, bayan ta gaida mahaifiyar Talatu har ƙasa. "Abeg, don Allah, ba faɗa na zo yi ba. Ba ni wuri in zauna."

Talatu ta shimfiɗa mata tabarma, fuska ba yabo ba fallasa.

"Da farko, ga wannan." Hadassah ta ɗaga hannun hagu, zobe na ƙyalli. "Ben sunansa, makanike ne a Kakuri, watan gobe za a ɗaura mana a coci. Shi ma kishin ne da shi kamar ke, na san ciwon. Hannun Zak kuma da na kama, haka ake koya wa kowa, mace ko namiji. Amma da na san zai ƙona ki, da na nemi izini."

Kunya ta fara kama Talatu, amma ta dake. "Ni ban ce komai ba."

"Kin ce, a gaban mutane." Ta buɗe kwamfutar, ta miƙo mata abin sawa a kunne. "Wannan ita ce wadda yake gwaji da ita. Shi ya ce in mayar da ita ofis, ya fasa koyon. Kafin in mayar, saurari yadda yake karatu."

Talatu ta sa a kunne. Wata murya ta ɓarke da surutu, tar-tar-tar, ko kalma ɗaya ba ta kama ba. Ta cire da sauri.

"Wannan ai ta lalace."

"Lafiyarta lau. Haka suke sauraro. In kunne ya saba, ƙara wa muryar gudu suke yi, ninki biyu, ninki uku, su gama babi kafin ke ki gama shafi. Lakcar malamai, labarai, har wa'azi, duk haka Zak yake jin su. Ba shi da haƙurin jira." Ta danna wani wuri. "Yanzu ji wannan."

Muryarta ce. Ita ce ke karanta dokar kwangila, a hankali, har da inda ta yi tari ta ce yi haƙuri Yaya Zakari, har da kukan zakaran maƙwabta.

"Duk karatun da kika taɓa yi masa ya sa na kwashe masa a nan," in ji Hadassah. "Na ce to mu ƙara masa gudu, mu yanke tarin da zakaran, ka rage ɓata lokaci. Kin san abin da ya ce? Ya ce in na taɓa wannan, ya bar ajina. A cikin kwamfutar nan kaf, muryarki ce kaɗai ba a ƙara wa gudu."

Talatu ta rufe fuska da mayafi. Kukan da ya zo mata ba irin na kwanakin baya ba ne, wannan har cikin ƙashi take jin sa.

"Ba shi kaɗai kika kayar ba fa," Hadassah ta ce a hankali. "Akwai waɗanda ba su da wata Talatu da za ta karanta musu. Su rikoda me za ta yi musu?"

Ranar yanke hukunci, Talatu ce ta fara ɗaga hannu. Ta miƙe tsaye.

"Maganar wuta da gyara da na yi gaskiya ce, a nemi batir mai riƙe caji, a koya wa wani gyara. Sauran maganar kuwa son kai ne." "Na ce ba zai iya ba. Ƙarya na yi. Tsoro nake ji ya iya."

Ba ta dubi kowa ba ta zauna. Aka yi ta muhawara, daga ƙarshe aka tsaya a kan abin da Zakariyya'u ya roƙa tun farko: a duba kowa da buƙatarsa, mafi yawa kuma kwamfuta da kyamara. Shi dai yana can ƙarshen benci. Da aka tashi ya fita da sandarsa. Bilkisu ta miƙa hannu za ta karɓi jaka, ya ce, "Na gode, ƙanwata, na iya." Ko wannan bai sanyaya wa Talatu rai ba, domin ita ma bai nemi igiyarta ba.

Ta riga ta sallama. Har ta fara koya wa zuciyarta haƙuri.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, ta kai wa Baba abinci shago. Tana jera kwanuka ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a bakin kwata. Ta san ƙarar nan ko a mafarki. Ta ɗago, ga shi cikin farar shadda, shi kaɗai, tun daga Nasarawa.

"Salamu alaikum, Baba."

Malam Shehu ya dakatar da keken ɗinki, ya dube shi ta saman tabarau. "Wa alaikumus salam. Malam Zakari, wa ya kawo ka?"

"Ƙafata, Baba. Ka ce ranar da na iya karatu ba tare da ita ba, in dawo. Na dawo."

Murfin kwano ya suɓuce daga hannun Talatu. Ashe akwai wannan magana tsakaninsu, ba wanda ya gaya mata.

Baba ya jawo aljihun teburi, ya ɗauko kwalin maganin ɗigon ido da aka ba shi a asibiti, wanda rubutunsa ƙanana ne har sai Talatu ta karanta masa.

"To karanta min wannan."

Zakariyya'u ya zauna a benci, ya ɗora kwamfutar a cinya, ya shafa kwalin ya daidaita shi a gaban kyamara. Ya sa abin kunne. Talatu ta riƙe numfashi, tana addu'ar da ba ta taɓa zaton za ta yi ba: Allah Ka sa ya iya ba tare da ni ba.

"Ɗigo ɗaya a kowane ido, safe da yamma," ya ce. "A girgiza kafin a ɗiga. Kuma Baba, an ce kada a ajiye shi inda zafi yake. Na ji ɗumin dutsen guga ta wajen teburin nan."

Baba ya dubi dutsen gugar, ya dubi aljihun da ke ƙarƙashinsa. Sai ya yi wata 'yar dariya da Talatu ta daɗe ba ta ji ba.

"Ka turo manyanka," ya ce, ya ci gaba da taka kekensa.

Ta raka shi bakin titi. Yana gaba da sandarsa, tana gefe, jakar na reto ba mai riƙe igiyarta.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?" ta tambaya.

"In ce miki mahaifinki na ganin na yi miki nauyi? Kunya na ji, Talatuwa. Kuma gaskiyarsa ce."

"Na wulaƙanta ka a gaban mutane..."

"Kin yi. Ya yi min zafi, ba zan ɓoye ba." Ya tsaya. "Amma kin wanke ni a gaban mutanen. Na ji muryarki na rawa, na so in tashi, na ce a'a, sai na je wa Baba tukuna."

Ta share ido. "Yanzu ai ba ka buƙatata."

"Bari in gaya miki wani abu, kada ki yi dariya. Kin tuna dokar kwangila da na faɗi jarrabawarta a aji biyu?"

"Na tuna. Sau biyu na karanta maka ita."

"Sau biyu kika karanta, na saurara ya fi a ƙirga. In kin fara, sai in nemi dokar in rasa. Ina ji kin ja numfashi, ina ji kin yi murmushi a tsakiyar layi, in kaset ya ƙare in tambayi kaina, wai me ma ta ce?" Ya girgiza kai. "Na'urar nan muryarta ba daɗi, shi ya sa nake gane karatu. Ki bar mata littattafan, abar ƙaunata. Ke ba don karatu nake son ki ba."

Dariya da kuka suka haɗe mata lokaci ɗaya, har mai Keken da ya tsaya ya gaji ya wuce.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura. Hadassah da Ben sun zo, Bilkisu ma ta zo, ta ci shinkafa ta tafi da wuri. Ranar da amarya da ango suka fara fita tare za su gaida Baba, Talatu ta rataya jakarta, ta miƙa masa igiyar don sabo.

Ya shafa igiyar, ya sake ta. Ya naɗe sandarsa ya sa a aljihun babbar riga.

"Ai ka san hanya," ta ce.

"Na sani."

Ya laluba a hankali har ya sami gwiwar hannunta, ya riƙe.

"Mu je," ya ce. "Kuma kada ki yi sauri."